Harbin takarda a bakin Tafkin Erie

A mako na uku da saukata a jihar Ohio ta ƙasar Amurka, inda na je aikin bincike na wata tara a wata jami'a, mai gidan da nake haya a wurinsa ya roƙe ni in taya shi sauke wani kwali zuwa ɗakin ƙarƙashin ƙasa, irin wanda kusan kowane gida a yankin yake da shi. Muna ajiye kwalin sai idona ya sauka a kan wani akwatin ƙarfe da ke tsaye a kusurwa, tsayinsa ya kai kafaɗata, da makullin lambobi a jikinsa. Na zaci takardun gida ne da 'yan gwala-gwalan uwargida a ciki. Da ya lura ina kallo, sai ya yi murmushi, ya danna lambobin, ya buɗe. Bindigogi biyar ne a jere, kowace a gurbinta, suna warin mai.

Ba zan ɓoye wa mai karatu ba, gabana ya faɗi. Ni ɗan ƙauye ne, daga yankin da a 'yan shekarun nan duk wanda ya ga doguwar bindiga a hannun mutumin da ba ya sanye da kaki, kai ko da yana sanye da shi, sai ya fara salati yana neman hanyar tsira. Ga shi kuma ina tsaye a ƙarƙashin ƙasa tare da dattijon da nake cin abincin dare a teburinsa, mutumin da ya shekara talatin yana koyar da lissafi a makarantar sakandare, wanda in gizo-gizo ya shigo kicin sai ya sa kofi ya ɗauke shi ya kai waje. Ya sha neman in riƙa kiransa da sunansa na yanka kamar yadda suke yi a can, amma bakina ya ƙi, domin ya kusa haifata. Sai na laƙaba masa Malam. Ya tambayi ma'anar kalmar, na gaya masa, ya ji daɗi, shi kuma yake ce mini Dakta.

Malam ba mafarauci ba ne, bai taɓa harbin ko kurciya ba. Ba kuma don ɓarawo ya ajiye bindigogin ba, domin kafin ya sauko ya buɗe wannan akwati, ya koma wani ɗakin ya buɗe na harsasai, ɓarawon ya daɗe da gama abin da ya kawo shi. Abin da yake harbi takarda ce. Duk Asabar yana zuwa filin wata ƙungiyar masu harbi a bayan gari, ya kafa allon saiti mai zagayen da'irori, ya kwanta ruf da ciki a kan tabarma, ya yi ta huda takarda yana rubuta sakamako a wani littafi, kamar yadda wani kan yi da dara ko ƙwallon tanis. Shekara arba'in ke nan yana haka.

Shi ne ya fara fahimtar da ni wani bambanci da kafofin yaɗa labaranmu suka saba haɗewa a ƙarƙashin suna ɗaya, wato "bindiga mai sarrafa kanta". Akwai wadda in aka danne kunamarta za ta ci gaba da aman wuta har sai an saki ko harsashi ya ƙare. Wannan ta soja ce, kuma tun 1934 dokar Amurka ta sa mata rajista da haraji, a 1986 kuma aka hana sayar wa farar hula sababbi. Akwai kuma wadda jan kunama ɗaya harsashi ɗaya yake fitarwa, sai dai ƙarfin iskar da ke fitowa daga ƙonewar albarushi shi ke tura ƙarfen cikinta baya, ya tofar da kwanson da ya ƙone, ya cusa sabon harsashi, duk kafin ƙiftawar ido. Wannan ta biyun zan kira mai ɗura kanta, ita ce kuma doka ta yarda duk baligin da ba shi da tabo ya saya a jihohi da yawa, har da Ohio. Malam yana ɗaukar wannan bambanci da muhimmanci ƙwarai. Ni kuwa a raina na ce, ga mutumin da ke gudu a gaban bakin bindiga, ba lallai ne ya iya tantancewa ba.

Wadda ya fi ji da ita tsohuwa ce mai jikin katako, M1 Garand, wadda wani ɗan asalin Kanada mai suna John Garand ya ƙera, rundunar sojan Amurka ta karɓe ta a 1936, aka yi Yaƙin Duniya na Biyu da Yaƙin Koriya da ita. Harsashi takwas take ci. Inda ya saye ta ne ya fi ba ni mamaki. Akwai wata hukuma da ake kira CMP a taƙaice, wadda tushenta ke komawa 1903, zamanin Shugaba Theodore Roosevelt, lokacin da Majalisar Dokoki ta ga cewa samarin da aka ɗauka a yaƙin da aka yi da Sifen a 1898 ba su iya saiti ba, ta yanke shawarar a riƙa koya wa farar hula harbi tun kafin a buƙace su. Tun 1996 hukumar ta fita daga hannun soja ta zama mai cin gashin kanta, amma har yau tana karɓar tsofaffin bindigogin soja tana sayar wa 'yan ƙasa, da sharaɗin mutum ya kasance ɗan ƙasa, yana cikin wata ƙungiyar harbi da aka yarda da ita, kuma bincike ya wanke shi. Mai karatu ya ɗan tsaya ya ƙiyasta a ce rundunar sojanmu ce ta buɗe kanti tana sayar da tsofaffin bindigogin yaƙin basasa.

Ta biyun baƙa ce, ƙirar AR-15, wadda duk mai kallon labaran Amurka ya san siffarta. Eugene Stoner da abokan aikinsa a kamfanin ArmaLite ne suka ƙera ta a shekarun 1950, haruffan AR ma daga sunan kamfanin suka fito. A 1959 suka sayar da ƙirar ga kamfanin Colt, soja ya mayar da ita M16, aka kuma fitar da mai ɗura kanta don kasuwar farar hula. Yau kamfanoni barkatai ke ƙera ta, kuma miliyoyin Amurkawa sun mallake ta. Masu gasa suna son ta ne saboda ba ta da nauyi, ba ta dukan kafaɗa, tana tafiya daidai inda aka auna, ana kuma iya sauya sassanta kamar kayan keke. Waɗannan siffofi su ne kuma suka sa ta zama zaɓin wasu mutanen daban, waɗanda zan zo kansu.

A watan Mayu Malam ya ce idanunsa sun fara gaza masa, kuma tunda dokar gasa ta yarda da ɗora ƙaramin madubin hangen nesa, zai sayi sabuwar bindiga da ta dace da shi. Ya gayyace ni rakiya. Kantin yana tsakanin wurin gyaran taya da gidan sayar da abincin karnuka, babu soja ko ɗan sanda a ƙofa. A ciki, bindigogi ne rataye a bango kamar takalma a Kantin Kwari, kowace da takardar farashi, daga wajen dala 500 zuwa sama da 2,000. Wani saurayi yana gwada wata a kafaɗa, matarsa na riƙe da jariri tana duba waya.

Da Malam ya zaɓi tasa, mai kanti ya karɓi lasisin tuƙinsa, ya miƙo masa fom mai lamba 4473, wanda duk mai saye daga dillali mai lasisi sai ya cike. Na leƙa ina karantawa. Ana tambayar mutum ko shi ne ainihin mai sayen ba wani ya aiko shi ba, ko an taɓa kama shi da babban laifi, ko yana gudun shari'a, ko yana shan ƙwaya, ko kotu ta taɓa yanke cewa yana da taɓin hankali, ko an kore shi daga soja da wulaƙanci, ko an taɓa hukunta shi kan dukan iyali. Ƙarya a wannan takarda babban laifi ce. Daga nan mai kanti ya shigar da bayanan cikin kwamfuta zuwa wani tsarin bincike da hukumar FBI ke gudanarwa tun 1998. Amsa ɗaya ce cikin uku: a sayar, a dakata, ko a hana. Ta Malam ta dawo kafin kofin shayina ya huce. Daga shigarmu zuwa fitarmu bai kai minti arba'in ba. Buɗe asusun banki a garin ya ci mini kwana huɗu.

A mota na yaba wa tsarin, sai Malam da kansa ya shiga nuna mini ɓarakarsa, kamar yadda yake nuna wa ɗalibi inda lissafi ya kuskure. In amsa ta zo cewa a dakata, kwana uku na aiki suka wuce ba a ce komai ba, dokar tarayya ta bar dillali ya miƙa bindigar. Ta wannan kafa ce wanda ya kashe mutum tara a wata majami'ar baƙar fata a Charleston a 2015 ya sami makaminsa. In kuma mutum ya sayi bindiga daga maƙwabcinsa, ba daga dillali ba, a Ohio babu fom, babu bincike. Sannan dokar 1986 ta hana gwamnatin tarayya ajiye rajistar masu bindiga, fom ɗin a hannun mai kanti yake zama. Wato ƙasar da ta san adadin motocin da ke kan titinta ta ɗaure wa kanta ido da gangan game da bindigogin da ke cikin gidajenta. Wata cibiyar bincike da ke Geneva ta ƙiyasta cewa a 2017 akwai bindigogi kusan miliyan 393 a hannun farar hula a Amurka, sun fi mutanen ƙasar yawa.

Akwai tambaya ɗaya a fom ɗin da ta shafe ni kai tsaye. Baƙon da ya shiga ƙasar da bizar ɗan lokaci, irin tawa, doka ta hana shi mallaka ko riƙe bindiga da harsashi, sai in yana da lasisin farauta ko wani uzuri makamancinsa. Malam ya san wannan, saboda haka duk zamana a gidansa bai taɓa miƙo mini bindiga ba, ni kuma ban taɓa nema ba. Da ido na yi wannan tafiya.

A ƙarshen Yuli muka kama hanyar arewa zuwa Camp Perry, tafiyar awa biyu da 'yan kai daga Columbus, ta cikin gonakin masara da waken suya da ba a ganin iyakarsu. Sansanin dakarun jihar Ohio ne a bakin Tafkin Erie, kusa da garin Port Clinton, an sa masa sunan Oliver Hazard Perry, hafsan sojan ruwan da ya ci jiragen Birtaniya da yaƙi a kan wannan tafki a 1813. Tun 1907 ake gasar harbi ta ƙasa a nan. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu an tsare fursunonin Jamus da Italiya a wurin, kuma wasu daga ƙananan bukkokin da aka ajiye su suna nan, 'yan gasa suna kama hayarsu suna kwana a ciki, suna ma alfahari da hakan. Mu dai masauki muka kama a gari, Malam ya ce ƙashin bayansa ya wuce shekarun wannan jarumta.

Filin shimfiɗaɗɗe ne kamar faifai, ciyawa kore shar, a can ƙarshensa jerin allunan saiti masu lambobi, bayansu kuma ruwan tafki, inda harsasai ke faɗawa. Tun kafin rana ta fito ɗaruruwan mutane sun hallara, suna jan 'yan kekunan kaya: sojoji cikin kaki, tsofaffi masu furfura, 'yan mata 'yan sakandare da masu horar da su. Kowace bindiga da wata 'yar tuta rawaya a cusa cikinta, alamar babu harsashi, kuma ba mai cire ta sai an ba da izini. Gasar da Malam ya zo dominta ita ce wadda ake kira ta Shugaban Ƙasa, inda ake fitar da ɗari na farko. Harbi talatin ne kacal: goma a tsaye daga nisan yadi 200, goma a kwance cikin sauri daga yadi 300, goma a kwance cikin natsuwa daga yadi 600, wato fiye da rabin kilomita. A wannan nisa da'irar maki goma faɗinta inci 12 ne, ta tsakiyarta kuma inci 6, ba ta fi murfin ƙaramar tukunya ba. Burin Malam tun yana saurayi shi ne ya shiga cikin ɗarin nan. Bai taɓa shiga ba.

Aka ba ni abin toshe kunne, aka nuna mini layin da 'yan kallo ba sa ƙetarewa. Da murya ta fito daga lasifika tana ba da izinin harbi, filin ya ɗauki ƙara gaba ɗaya, sai na ga kaina a durƙushe. Ban yi niyya ba, jikina ne ya yanke hukunci kafin hankalina. Wata tsohuwa da ke zaune a kujerar zane tana saƙa ta dube ni ta ce, karon farko ke nan? Na ce eh. Ban gaya mata cewa ba karon farko ke nan da na ji wannan ƙara ba, karon farko ne dai da na ji ta ba tare da kururuwar mata ta biyo baya ba.

Da na natsu sai na fara ganin abin da ke jan Malam. Harbin nan, in ka cire ƙarar, aikin haƙuri ne. Mutum yana ɗaure cikin wata riga mai kauri da ke riƙe masa jiki, yana kallon tutocin iska, yana leƙa madubi don ya karanta yadda zafi ke rawa a kan ciyawa, yana lissafin yadda iskar tafki za ta karkatar da harsashi, yana jiran numfashinsa ya lafa. Malamin lissafi ya sami gida a nan. Na ga wata yarinya da ba ta wuce shekara goma sha shida ba ta fi wani ƙaton soja maki, ya miƙa mata hannu. Can wajen hantsi lasifika ta yi kira a tsagaita, wai wani kwale-kwale ya shigo yankin da harsasai ke faɗawa. Kafin muryar ta rufe baki filin ya yi tsit, ɗaruruwan bindigogi suka koma ƙasa, 'yan tutoci rawaya suka koma gurbinsu, kowa ya zauna yana jira har masu kwale-kwalen suka gama abin da suke yi. Ban ga wanda ya yi gunaguni ba. A duk abin da na gani a Amurka, wannan shiru ya fi zama mini a rai.

Malam bai shiga ɗarin ba. Iska ta juya masa a yadi 600, harbi biyu suka fita daga inda ya so. Da daddare muna cin soyayyen kifin tafki a bakin ruwa, na yi masa tambayar da na daɗe ina riƙewa. Na ce, Malam, a ranar 4 ga Agustan 2019, a Dayton, cikin jiharku, wani ya kashe mutum tara da makami ƙirar wannan da ke bayan motarka, cikin kusan daƙiƙa talatin, alhali 'yan sanda suna kusa. A Disambar 2012 an kashe yara 20 da manya 6 a makarantar firamare ta Sandy Hook. A Mayun 2022 an kashe yara 19 da malamai 2 a Uvalde. Kai malamin makaranta ne. Yaya kake kwana da wannan?

Ya daɗe bai ce komai ba. Sannan ya ce a shekarunsa na ƙarshe a aji, shi ne ke jagorantar atisayen ɓuya: a kulle ƙofa, a kashe fitila, yara talatin su takure a kusurwar da ba a hango ta daga taga, a yi shiru. Ya ce wata rana wani yaro ya tambaye shi cikin raɗa ko littafin lissafi zai iya tare harsashi, shi kuma ya san amsar sarai, bai faɗa ba. Ya kawo hujjojin da masu irin ra'ayinsa ke kawowa, kuma ba duka ne na banza ba: cewa yawancin kisan da ake yi da bindiga a Amurka da ƙaramar bindigar hannu ake yin sa, doguwar bindiga kasonta kaɗan ne, cewa mutanen da na gani a filin nan ba su ne ke shiga makarantu ba. Amma bai yi musun cewa sauƙin da ya samu a kantin nan, wanda ya kai wa Uvalde hari ma ya same shi ba, domin yana cika shekara 18 ya sayi tasa bisa doka. Ya ce shi zai yarda da bincike a kan kowane ciniki, da ƙarin shekaru, da dokar kulle makami, amma da ya faɗi haka a ƙungiyarsu wasu sun daina gaishe shi.

Dalilin wannan tauri yana cikin kundin tsarin mulkinsu. Gyara na biyu, wanda aka amince da shi a 1791, ya ba jama'a 'yancin riƙe makami, yana ambaton buƙatar dakarun sa-kai masu tsari. An shekara fiye da ɗari biyu ana gardama kan ko 'yancin na ɗaiɗaikun mutane ne ko na dakarun, har Kotun Ƙoli ta yanke a 2008, da rinjayen alƙalai biyar kan huɗu, cewa na kowane mutum ne. An taɓa hana ƙera wasu nau'o'in masu ɗura kansu a 1994, dokar ta ƙare a 2004 ba a sabunta ta ba. Bayan Uvalde abin da Majalisa ta iya yi bai wuce ƙara tsaurara bincike a kan masu saye 'yan ƙasa da shekara 21 da 'yan gyare-gyare makamantansa ba.

Uwargidan Malam, tsohuwar ma'aikaciyar jinya, ba ta zo tafkin ba, ba ta taɓa zuwa ba. Ba ta sauka wajen akwatin ƙarfen, ba ta kuma son sanin lambobinsa. Ita ce ta gaya mini, wata rana muna wanke kwanoni, cewa daga cikin mutum sama da 48,000 da bindiga ta kashe a Amurka a 2021, fiye da rabi su ne suka kashe kansu. Ta ce a shekarar da ɗansu ya rasu, Malam ya daina magana, ya daina cin abinci, sai ta kira wani abokinsa ya zo da mota ya kwashe bindigogin duka, suka yi wata takwas a gidansa. Malam bai yi gardama ba. Ta ce wannan ne ya sa ta yarda suka dawo.

Dole in faɗi abin da ya sa na bi wannan al'amari da naci haka. Na tafi Amurka ne ina ɗauke da wata muhawara da muka daɗe muna yi a ɗakin shan shayin malamai. Dokar makamai ta Najeriya, ta 1959, ta kasa bindigogi gida uku: irin na soja sai da lasisin Shugaban Ƙasa, na farauta da makamantansu sai da na Sufeto Janar na 'yan sanda, bindigar toka kuma da na Kwamishinan 'yan sandan jiha. A watan Yunin 2022 gwamnatin Zamfara ta fito fili ta ce jama'a su nemi bindiga su kare kansu, Babban Hafsan Tsaro na lokacin ya ce gwamna ba shi da wannan hurumi. Abokaina da yawa sun goyi bayan gwamnan, suna kafa hujja da Amurka, ni ma zuciyata ta karkata. Muna yara, in aka ce 'yan bindiga, waɗanda ke buga bindigar toka a hawan sallah ake nufi, mukan bi su da gudu muna shaƙar hayaƙi. Yau kalmar ta koma sunan waɗanda suka sa wa ƙauyenmu harajin noma.

Abin da na gani a Ohio bai goyi bayan hujjar abokaina ba. Malam yana iya mayar da bindiga abin wasa ne saboda ba ya buƙatarta. Bayansa akwai ɗan sandan da zai zo in an kira, da kotun da za ta hukunta wanda ya yi ƙarya a fom, da motar asibiti, da jama'ar da murya ɗaya daga lasifika ke sa su ajiye makami. Duk da wannan shinge, sun binne yara ashirin 'yan ajin farko a mako guda. Mu da ofishin 'yan sanda mafi kusa yake tafiyar awa guda a kan babur, mu da muka riga muka ga yadda aikin 'yan sa-kai ya rikiɗe ya zama ramuwar gayya tsakanin maƙwabta a Zamfara, wa zai riƙe mana lasifikar? Sai dai kuma ban da bakin da zan ce wa yayana, wanda ya yi jana'izar mutum bakwai a yini ɗaya, ya ci gaba da jira hannu rabbana. Wanda bai taɓa kwana a cikin dawa yana sauraron ƙarar babura ba, ya yi hattara da yi masa wa'azi.

Ranar da zan baro, Malam ya ɗauko kwanson harsashi ɗaya daga cikin na gasar, ya goge shi, zai ba ni tsaraba. Sai ya tsaya, ya ce a'a, a dokarsu kwanso ma harsashi ne, ni kuma baƙo ne. Na ce ya ma taimake ni, domin ban san abin da zan faɗa ba in aka zazzage jakata a shingen binciken da ke kan hanyar garinmu. Maimakon haka ya ba ni wata takardar saiti daga atisayensa na Asabar, harbi goma daga yadi 100, duk sun taru a wurin da bai fi bakin kofin shayi ba, ya sa hannu ya rubuta kwanan wata.

Da na je gida gaisuwa, bayan sallar isha'i muna zaune a tabarma, na ciro takardar daga cikin littafi na nuna wa Yaya, na ba shi labarin tafkin da kwale-kwalen. Ya ɗaga ta kusa da fitila, ya sa yatsa yana ƙirga ramukan ɗaya bayan ɗaya. Ya tambaye ni nawa ake sayar da harsashi ɗaya a can, na ce irin na gasa wajen dala guda. Ya yi lissafi a ransa. Sannan ya ce, Dakta, shi wannan Malamin naka, takardar ta yi masa wani laifi ne? Yaran da ke gefe suka yi dariya. Shi bai yi ba. Ya ninke ta a kan layin da take, ya miƙo mini, ya ce in shiga da wuri, kada in kunna fitilar waya a tsakar gida.